Sulusi Biyu da Sumuni Uku

Masu riwaya sun ce an yi wani sarki da fara ta faɗa wa ƙasarsa, alhali rumbun hatsi ɗaya tak ya rage masa. Sai garuruwa biyu suka aiko da kukansu. Manzon garin Gawo ya ce, "Ya sarki, fara ta cinye mana sulusi biyu na amfanin gona." Manzon Marke ya ce, "Mu sumuni uku ta cinye."

Sarki ya ce, "Uku ta fi biyu." Ya sa aka kwashe rumbun kaf aka kai Marke.

Kafin damina ta dawo, yunwa ta shiga Gawo gida gida.

Ana nan sai Malam Zubairu, tsohon da ke raba wa mutanen Gawo gado, ya iso fada, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, raƙuma biyu da awaki uku, wanne ya fi nauyi?"

Sarki ya ce, "Raƙuma mana. Ai ba girmansu ɗaya ba."

Malam ya ce, "To, sulusi da sumuni ma ba girmansu ɗaya ba."

Ya tara tsakuwa ashirin da huɗu, ya sake tara wasu kamarsu. Ya ce, "Ga gonar Gawo, ga ta Marke. Wannan adadi yana rabuwa uku, yana rabuwa takwas. Sulusinsa takwas ne, sumuninsa uku." Ya kwashe goma sha shida daga tarin Gawo, ya kwashe tara daga na Marke.

Sarki ya daɗe yana duban ɗan abin da ya rage wa Gawo. Can ya ɗaga murya, "A kai musu hatsi yanzu!"

Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko ƙwaya babu."

Malam ya ce, "Ba roƙo ya kawo ni ba, ya sarki. Matata da jikokina duk na binne su. Masu sauran ƙarfi sun watse. Na zo ne don kada a sake yi wa wani gari haka."

Sarki ya sauko daga gadonsa, ya zauna a ƙasa gaban tsohon, hawaye na jiƙa masa gemu. Ya ce, "Wallahi adalci na nufa."

Malam ya ce, "Na sani. Amma mai hukunci tsakanin mutum biyu, in bai auna su da mudu ɗaya ba, kyakkyawar niyyarsa ba ta hana shi zalunci."