Baƙin Mai a Rijiyar Bayan Saga

An yi wani mutum a Yamai, a shekarun fari, lokacin da soja ke riƙe da ƙasa. Ba za a faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, kuma ba tonon asiri ya kawo mu ba. Direban babbar mota ne da ya gaji da hanya. Ya sayar da motarsa, ya sayi fili can bayan unguwar Saga, inda wayar lantarki ba ta kai ba, famfo ma bai kai ba. Ya gina ɗakuna biyu don shi da matarsa Haoua da yaransu, ya gina wani dogon ɗaki na kiwon kaji, sannan ya sa aka haƙa masa rijiya.

Allah ya sa wa rijiyar albarka. A shekarar da rijiyoyin wajen suka ƙafe, ita ba ta ƙafe ba. Mutanen da yunwa ta koro daga wajen Tahoua suka zo suka kakkafa bukkoki kewaye da filinsa, gida kusan arba'in, duk a nan suke sha. Bai taɓa hana kowa ba. Yana ma jin daɗi in ya fito da safe mata suna gaishe shi, suna ce masa mai rijiya.

Sai lokacin ɗari ya zo. 'Yan tsaki ba sa jure sanyi, ballantana sanyin bakin kogi. Dole a yi ta hura musu wuta wata uku. Itace ya yi tsada, ma'aikatan gandun daji suna kama duk wanda ya sari ice. Gawayi sai mai hali. Kananzir sai an bi layi.

Tsohon direba ya san abin da wasu ba su sani ba. A garejin unguwannin Boukoki da Zongo, baƙin man da aka juye daga injin mota zubar da shi ake yi. Kyauta za a ba ka, har a gode maka. Ya sa wani maƙeri ya ƙera masa murhu wanda man ke ɗiga kan faifan ƙarfe mai zafi yana ci. Hayaƙinsa baƙi ne, yana shaƙe maƙogwaro, amma 'yan tsaki suka yi ɗumi, suka yi ƙiba.

Matsala ɗaya ce. Ya riga ya yi asirans da wani kamfani a cikin gari, wato in gobara ta ci ɗakin kajin a biya shi. A takardar an rubuta cewa da gawayi yake ɗumama ɗakin, kuma ba zai ajiye mai a wurin ba. Ya sa hannu. Ma'aikacinsu kan zo dubawa lokaci lokaci. Don haka ya sayo tsofaffin tano uku, gangunan ƙarfen nan da tsatsa ta fara ci, ya cika su da mai, ya binne su ƙarƙashin kwamin albasa, taku biyar daga bakin rijiya. Wa zai tona albasa yana neman mai? Ranar dubawa kuwa, sai ya ɓoye murhun ya jera kaskon gawayi.

Malam Issoufou, tsohon da ya haƙa rijiyar, ya tarar da shi yana binnewa. Ya tsaya ya dogara da sandarsa.

"Ɗana, ƙasar nan yashi ce. Ni na shiga cikinta gaba bakwai, na san ta. Ba ta riƙe amana. Abin da ka ba ta a nan, gobe ka sha shi a can."

Mutumin ya yi dariya. "Baba, ƙarfe ne fa, ba ƙwarya ba. Ku dai tsofaffi, kome kuka gani sai kun ga mutuwa a ciki."

"Mun fi ku kusa da ita ne," in ji tsohon, ya wuce.

Ɗarin farko ya wuce lafiya. Damina ta zo gajera, ta jiƙa yashi ta tafi. A farkon ɗari na biyu, wata safiya, ya janyo guga zai yi alwala, sai ya ga wani abu siriri yana yawo a saman ruwan, launi launi, kamar wuyan tattabara. Ya ɗanɗana. Shekara ashirin yana kwance ƙarƙashin mota, ba ya bukatar wani ya faɗa masa ko mene ne.

Ya 'yan uwa, a nan ne hanya ta rabu biyu. Binne tano kuskure ne, kowa na yin kuskure. Da ya ɗaga murya ran nan ya ce, jama'a ku daina sha, da kunya kawai zai ji, da asirans kawai zai rasa. Amma me ya yi?

Ya ɗauko tsohon buhu ya ɗaura a igiya. Kullum da asuba, kafin mata su fito, sai ya zura shi ya shafe saman ruwan. Ya shiga kawo ruwan famfo daga gari a bido biyu, wato jarkoki, a bayan ɗan babur ɗinsa mobilet, don gidansa kaɗai.

Haoua ba makauniya ba ce. Ta ga buhun yana bushewa bayan ɗaki, baƙi ƙirin.

"Maigida, me ya sami rijiyarmu?"

"Ba kome. Ke dai kar yaranki su sha."

"Na mutane fa? Su ba yara ba ne?"

"In kika buɗe baki, soja za su tafi da ni. Ki zaɓa."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Daga ran nan ba ta ƙara fita bakin rijiya lokacin da mata ke ɗiba ba, don ba ta iya haɗa ido da su.

Matan kuwa sun ji ruwan ya sauya. Kunu yana warin gareji, sabulu ba ya kumfa. Amma wanda ya baro garinsu ya bar shanunsa matattu a hanya ba ya raina ruwan kyauta. Suka ce ai fari ne, kome ya lalace bana.

Cikinsu akwai wata bazawara, Madina, mijinta ya rasu a hanyar zuwa. 'Ya ɗaya ta rage mata, mai shekara uku. Yarinyar ta fara amai da gudawa, ta rame har wuyanta ba ya ɗaukar kanta. Haoua ta riƙa kai mata ruwan bido a ɓoye cikin kwanon sha, ba tare da ta faɗi dalili ba. Madina ta ɗauka alheri ne kawai. In na kwanon ya ƙare, sai ta ba ta na rijiya.

Ran kwana goma sha ɗaya yarinyar ta cika. Ko yunwa ce, ko ruwan ne, Allah shi ne masani. Abin da muka sani shi ne, mutumin ya bi gawar har kabari, kuma a can liman ya yi masa addu'a a gaban jama'a, ya ce Allah ya saka wa mai shayar da bayinsa. Kowa ya ce amin. Shi ma ya ce amin. Washegari da asuba ya zura buhunsa.

Bayan mako uku, da hantsi, tiyon da ke kai mai cikin murhun ya tsage. Mai ya malala a ƙasan ɗakin kaji, wuta ta bi shi. Matan da ke bakin rijiya suka yar da tulunansu suka shiga janyo guga suna miƙawa hannu da hannu, don su ceci dukiyar wanda ya shayar da su. Amma wutar mai ba ta jin ruwa. Duk inda aka watsa, sai man ya hau kan ruwan yana ci, ya gangara tsakar gida. Ɗakin kaji ya tafi, ɗakunan kwana suka bi shi.

Da suka yi ta janyowa ba hutu, ruwa ya ja baya, guga ya kai gefen da man ke tsatsowa. Ya fito baƙi. Madina ce ke riƙe da igiyar. Ta dubi gugan, ta dubi Haoua. Haoua ta durƙusa a cikin laka ta rufe fuskarta, sai kowa ya gane.

Jandarmomi suka zo da ma'aikatan lafiya. Aka tona kwamin albasa, aka fito da tano uku, gindinsu ya huje kamar rariya. Mutumin asirans ya zo ya duba, ya naɗe takardarsa, ya ce abin da aka yi alkawari a kai ba shi ne ya ƙone ba. Aka zuba wa rijiyar siminti aka rufe bakinta. Malam Issoufou ya zauna a kan simintin ya yi kuka, don ita ce rijiya ta ƙarshe da ƙarfinsa ya haƙa.

Daga ran nan mata gida arba'in suka koma tafiyar kogi, da goyo, da tulu, zuwa da dawowa rabin wuni.

Mutumin ya yi wata takwas a tsare. Da ya fito, Haoua ta kwashe yara ta koma Maradi. Ba gida, ba kaji, ba mai amsa sallamarsa. Ya sami sanda da garwa biyu, ya shiga ɗebo ruwa daga kogi yana ajiyewa ƙofar bukkoki, bai karɓar ko dala. Wasu suka karɓa, don ƙishirwa ba ta san fushi ba. Ya ajiye ƙofar Madina. Ta fito ta tsaya.

"Malam, ɗauki ruwanka. Ba zaginka zan yi ba. Abu ɗaya nake so ka faɗa mini. Ranar da na tsaya a ƙofarka da ita a bayana ina gode maka, ka sani?"

Ya ce, "Na sani."

Ta koma ciki ta saki tabarmar ƙofa. Sannan ya saɓa garwarsa ya wuce.

Ya 'yan uwa, araha ba zunubi ba ce. Amma kafin ka shigo da abu gidanka don yana kyauta, tambayi kanka wa zai biya. Hayaƙinka wani ke shaƙa, abin da ka zuba a ƙasa wani ke sha. Ƙaryar da ya sa wa hannu a takarda ita ta sa shi binnewa, binnewar ta sa shi shiru, shirun ya kai shi inda tuba ba ta dawo da abin da ya tafi. Haƙƙin Allah, Allah na yafewa ga wanda ya so. Haƙƙin maƙwabci fa, in maƙwabcin ya saki tabarmarsa, ina za ka kai shi?

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya tun tana da amfani. Allah ya jiƙan yarinyar nan, ya ba uwarta haƙuri. Allah ya kiyaye mu da cutar da waɗanda suka amince da mu. Amin.