Goran Zartsin Sarki Tanimu

A can zamanin da duwatsu ba su gama ƙeƙashewa ba, an yi wani sarki a Birnin Gwauron Dutse wai shi Tanimu ɗan Jatau jikan Barau, bajimin gidan bajimai, mai dawaki dubu da rumbuna dubu, wanda Allah Ya ba komai amma Ya hana shi kwanciyar rai saboda abu guda tak: rijiyar birninsa ruwan zartsi take bayarwa, mai gishiri-gishiri, mai ɗaci-ɗaci. Ba ta taɓa ƙafewa ba tun kakanni, amma kullum ya kai ƙoƙo baki sai ya yamutsa fuska ya tsine mata. Ka san kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ran nan ya cika gora da ruwan don ya zama shaidar ƙararsa, ya ɗauki takobi, ya nufi fadar Ƙundurusu, Sarkin Aljanun Ruwa.

Ya keta dajin da itatuwansa ke kuka da muryar mutane, ya haye kogin yashi mai haɗiye raƙumi da kayansa, sai a wata na bakwai ya iso fadar, ƙatuwa, baƙa ƙirin, a ƙarƙashin wani tafki. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, ubangidan kogi da ƙorama, na zo a ɗauke mini wannan rijiya a ba ni mai zaƙi.”

Ƙundurusu ya dube shi da jajayen idanu ya ce, “Bil’adama, bukatarka mai sauƙi ce, sharaɗinta ma guda ne. Ka tafi Birnin Ƙishi, ka tsaya gaban mutanensa, ka tsiyaye goran nan a ƙasa ka ce ba ka so. In ka yi, na musanya maka. In ka kasa, rijiyarka na nan da ɗacinta har tashin duniya.”

Tanimu ya yi dariya a zuci, aljanu suka sure shi suka dire a ƙofar birnin. Na zaune bai ga gari ba. Shekara talatin ke nan rabon garin da ruwan sama. Mutane sirara, busassu, leɓɓa a tsattsage, suna tsotsar saiwar itace, gawarsu ma taimama ake yi mata a binne. Suka kewaye shi, ba mai ko yawu a baki.

Kafin ya kwance gora sai wata tsohuwa mai suna Tabawa ta dafa sanda ta matso ta ce, “Ɗan nan, sannu da hanya. Ba a yi wa baƙo magana bai jiƙa maƙogwaro ba.” Ta miƙo masa ɗan ƙoƙo, ruwan cikinsa bai fi kurɓi uku ba. Ya ce, “Iya, ina kika samo wannan?” Ta ce, “Raɓa ce. Shekara tara ina tsane ta da auduga a kan dutse, don in na mutu a samu abin shafa mini a fuska. Sha, kada ka kunyata garinmu.” Ya ƙi, ta rantse, dole ya shanye ruwan wankan gawarta tana kallo.

Ya buɗe goransa, ya karkata shi ƙasa, idanu ɗari suka bi bakin goran. Ya kasa. Sai ya cika wa tsohuwa ƙoƙonta. Ta kurɓa, ta rufe ido ta daɗe, sannan ta ce, “Ashe haka sarakuna ke sha. A garinku har yara ma ana ba su wannan?” Ya ce, “Iya, dawaki muke wankewa da shi.” Ta ce, “Ba kyau babba ya yi ƙarya.”

Kwana biyu tsakani Tabawa ta cika, matan garin suka wanke ta da sauran ruwan, ita ce gawa ta farko da ta ga ruwa cikin shekara talatin. Muryar Ƙundurusu ta fito daga ƙasa ta ce, “Ka kasa, bil’adama.” Tanimu ya ce, “Na kasa, ranka ya daɗe. A bar mini abina.”

Ba aljanin da ya ɗauke shi a komawa. Da ƙafa ya taho, mutum tamanin na Birnin Ƙishi suka biyo shi, ashirin da uku suka mutu a hanya, shi da hannunsa ya haƙa kabarin kowannensu. Da suka iso, makaɗa suka fito da tambura, ya ɗaga hannu ya hana, ya wuce da baƙinsa bakin rijiya, sarki guda ya tuɓe rawani ya kama guga yana ja suna sha suna kuka, har la’asar. Da babu gara ba daɗi. Allah Ya sa mu gane abin da ke hannunmu tun ba a kai mu makarantar da aka kai Tanimu ba.