Kulɓar da Ta Fito daga Wutar Maƙera

Da sunan Allah nake farawa. Mai karatu ya yi mini afuwa, da furfura na kama alƙalami, shi ya sa baƙaƙena suke karkacewa.

An yi wani sarki mai suna Jatau a garin Kafin Dabo, wanda gobara ta cinye wa rumbunan gari shekara biyu a jere, har ya zama ko hayaƙin murhu ya hango sai gabansa ya faɗi. Wani alhaji ya gaya masa wai a ƙasashen gabas akwai wata dabba, samandal, mai kama da ƙadangare, wadda wuta ba ta ci, fatarta kuma maganin gobara ce.

Ana nan, Sarkin Maƙera yana ƙona kututturen ƙirya don gawayi, sai ga wata kulɓa ta fito a guje daga tsakiyar wutar. Ya kife ta da ƙwarya, ya kai fada. Sarki ya ce wataƙila ita ce samandal, a hura wuta a mayar da ita ciki, in ta sake fitowa a feɗe ta a rataya fatar a rumbu.

Kulɓa ta duba, ta ga ko ta ƙone ko ta fito, ajali ne. Tana jin ƙarar zugazugi, ta roƙi izinin magana. Sarkin Maƙera ya yi dariya, ya ce ashe 'yar wuta ma ta iya fadanci. Sarki ya ce ta yi sauri kafin gawayi ya yi ja.

Ta ce, “Allah ya ja zamanin Sarki, ina tsoron a yi mini abin da aka yi wa Tabawa mai daddawa.”

Sarki ya tambaya ko me aka yi mata, sai ta ba shi labari.

Wata damina kwalekwale ya kife da 'yan kasuwa, aka tarar da Tabawa a ɗaya gaɓar da ranta. Gari ya ɗauka cewa ruwa ba ya cin ta. Da kogi ya sake cika, shanun mai gari suka maƙale a tsibiri, ya kira ta ya ce ta kai igiya. Ta rantse reshen gawo ta riƙe ranar da kwalekwale ya kife, aka ce ɓoyon asiri take yi. Sai ta durƙusa ta ce, “Baba, ka ji abin da ya sami Nomau.”

Nomau manomi ne. Wata rana ya gama ƙona sheme, ya hau kuka ya ɗebi zuma, ko ɗaya ba ta harbe shi ba. Bai lura cewa hayaƙi ne ya kama rigarsa ba, ya shiga gaya wa mutane zuma ta san jininsa. Ranar Juma'a ya yi wanka, ya sa wankakkiyar riga, ya tara jama'a ya hau. Zuma ta rufe shi da harbi, daga sama ya faɗo.

Tabawa ta ce, “Shi da bakinsa ya jawo wa kansa. Ni kuwa bakinku ne zai tura ni.”

Mai gari ya ce labari ya yi daɗi, amma ta kama igiya. Igiyar kaɗai aka jawo.

Nan kulɓa ta ƙare labarinta. Gawayi ya riga ya yi ja, Sarkin Maƙera ya ɗauki awartaki. Sarki ya ce ai ita da ido aka ga ta fito daga wuta.

Ta ce, “An ga wadda ta fito, ranka ya daɗe. Mu biyar ne a kogon kututturen, sanyi muka shiga nema. Ni ce kusa da baki. A je a tona tokar.”

Aka je aka tona, aka kawo ƙananan ƙasusuwa a kan ganye. Sarki ya daɗe yana dubansu, sannan ya ce a kashe wutar da ruwa, a saki kulɓa a gindin randa, gobe kuma kowa ya fito da fartanya a share ciyawar da ke tsakanin rumbuna.

Nan ƙarfina ya tsaya. Wanda ya ga kuskure ya gyara, don Allah, ya sa ni a addu'a.