Kajin da Suka Ƙi Cin Tsaba

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, can ƙasar Rumawa, an yi wani Sarki mai suna Numeriyus. Al'adar birninsa ita ce ba a ɗaura aure a gidan sarauta sai an watsa wa kajin ɗakin bauta tsaba. In sun ci, alloli sun yarda. In sun ƙi har kwana bakwai, magana ta mutu.

'Yarsa Gimbiya Serbiliya, wadda duk birni ke ƙauna, ta kamu da son Timandaros, ɗan sarkin wani tsibiri na Girkawa. Kwana biyar ana watsa tsaba, kaji ko kallo. Hankalinta ya tashi ƙwarai, domin in rana ta bakwai ta faɗi haka, jirgin masoyinta zai juya gida ba tare da ita ba.

Ran kwana na shida ta nufi dutsen da wata aljanar maɓuɓɓuga take, wadda ba ta amsa wa kowa sai wanda ya hau ba takalmi, ɗauke da tulun man zaitun, bai zubar da ko ɗigo ba. Ta isa ƙafafu duk jini, ta durƙusa ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar ruwa, wane laifi na yi wa alloli?"

Aljana ta yi dariya har ruwa ya kaɗa. "'Yata, alloli ba ruwansu. Leƙa ki gani."

A cikin ruwan ta ga Waziri ya saɗaɗa akurki da alkama yana lallashin kaji su sa albarka. Yana fita Sarauniya ta shiga da gurasa mai zuma, sai dakaru, sai masunta, kowa yana zaton shi kaɗai ya yi dabara. Ashe kajin ƙoshi ne ya kusa kashe su!

Washegari Gimbiya ta zauna a ƙofar akurki da sanda, tana korar kowa. Da hantsi sai ga Sarki da kansa, yana tafe yana waige-waige.

"Allah ya ja zamaninka, Baba, me ke cikin hannun rigarka?"

Sarki ya yi gyaran murya. "Babu komai, 'yata." Sha'ir ya zubo masa har ƙafa.

Da la'asar aka watsa tsaba gaban jama'a, kaji suka far mata har suna hawa kan juna. Birni ya ɗauki guɗa, Serbiliya ta fashe da kukan murna. Aka ɗaura aure kafin rana ta faɗi, aka yi kwana arba'in ana shagali.