Madam Vicky da Mataki na Goma Sha Biyu

Akwai wata mata a unguwar Romi, Madam Vicky, mai shagon gyaran gashi. Irin matan nan ne da sai sun duba takalminka kafin su amsa gaisuwarka.

Makarantar 'yarta Hadassah, 'yar aji biyar, ta kawo wata manhajar lissafi a waya. Manhajar tana bin kowane yaro da ƙarfinsa: inda ya yi tuntuɓe ta mayar da shi baya, inda ya gane ta ƙara masa wuya. Nan da nan iyaye suka fara tura hoton matakin 'ya'yansu a guruf ɗin iyaye na waya.

Hadassah ta tsaya a mataki na huɗu. A wajen Vicky wannan zagi ne.

"Kawo wayar nan, kina zubar min da mutunci!" in ji Vicky.

Tsakanin kitso da kitso take danna amsa da kalkuleta. Da tambayoyin suka fi ƙarfinta, ta miƙa wa ƙaninta da ya gama jami'a. Manhaja kuwa ba ta ganin fuska. Ta ɗauka gwana ta samu, ta kai yarinya mataki na goma sha biyu, lissafin sakandare.

Wata rana a bakin get ɗin makaranta Vicky ta haɗu da Jummai, mai ɗinki a Kakuri, wadda 'yarta Fiddausi ke ajin.

"Maman Fiddausi, har yanzu kuna na uku? Ki ɗora ta a keken ɗinki kawai. Ba kowane kai ne na boko ba."

"Muna tafiya a hankali, Maman Hadassah," in ji Jummai. "Jiya ta gane rabawa da kanta."

Vicky ta taɓe baki ta wuce.

Wata rana malamar ajin, Malama Eunice, ta kira Vicky gefe. "Madam, aikinta na aji bai yi kama da na waya ba. Ita take yi?"

"Wato ni ce maƙaryaciya? Hassada ce ke cin ki."

Ta je ofishin hedimasta ta yi ta hayaniya, har aka sa Hadassah a gasar lissafi ta makarantu.

Ranar gasa Vicky ta sha leshi, ta kwaso kwastomominta, ta ɗaga waya tana bidiyo.

Mai tambaya ya dubi Hadassah. "Nawa ne rabi idan aka tara da ɗaya bisa huɗu?"

Shiru. Tambaya ta biyu, shiru. A ta uku yarinya ta fashe da kuka, bakinta a kan makirfo.

"Ban iya ba! Mummy ce da Uncle suke yi!"

Kwastomomin suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Da Malama Eunice ta sake gwada Hadassah, manhajar ta ajiye ta a mataki na biyu. Zango guda ya tafi a banza. Fiddausi kuwa ta kai na bakwai, da guminta.

Mako guda Hadassah ta ƙi zuwa makaranta, don yara na kiranta "Farfesa". Vicky ta fice daga guruf, amma ko a lokacin cewa take yarinya ce ta kunyata ta.

Darasi: Ba a yi wa yaro tsallaken mataki. Wanda ya yi wa ɗansa aikin makaranta don a yabe shi, kansa ya yi wa ado, yaron ya bari tsirara. Ku tura wa iyayen da kuka sani, ko wani yaro zai tsira.