Angurya a Shimfiɗar Malama

"Wai ɗiyar Diggin nan, mi za ta iya yi muna cikin aikin ga?"

Akwai wata amarya a Kalgo, sunanta Rumaisa. Ita ce ɗiyar Diggin, don daga garin Diggi aka auro ta, kuma da kunnenta ta jiyo tambayar, tana zaure tana cire takalmi. Hajiya Kubura mai ɗinki ce ke tambayar Binta, ko rage murya ba ta yi ba. Rumaisa ta tsaya har fuskarta ta huce, sannan ta yi sallama kamar ba ta ji komai ba.

Abin da ya tara su shi ne Malama Nana, wadda ta daɗe tana koya wa matan unguwar karatu. Ɓarin jikinta ya shanye, 'yarta Hadijatu ta ɗauke ta zuwa Gwandu tana jinya. Katifar soso tana riƙe zafi, tabarma kuma tana cin jiki, har fatar bayan Malama ta fara ja, tana neman zama miki.

Sai ɗalibanta huɗu suka ce za su yi mata shimfiɗa mai laushi. A haɗa ƙyallen atamfa sama da ƙasa, a baza auduga a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi don kada ta dunƙule. Cikinsu babu wadda ta taɓa yin irinta.

Kowa ta kawo tsofaffin zannuwanta. Hauwa, ta huɗunsu, ta samo buhun auduga daga gonar babanta. Keken ɗinki na Kubura ne, don haka magana ma tata ce. Ta ba Binta yanka, ta ba Hauwa jera ƙyalle. Rumaisa kuwa sai ta nuna mata bayan ɗaki da baki.

"Ga buhu can, amarya. Ki tsittsince muna haki."

Rumaisa ta sa hannu cikin buhun, ta ji audugar cike da angurya, ƙwaya-ƙwaya kamar tsakuwa. A hannun kakarta ta tashi, ta san aikin. Ta aro dutse da ƙarfen gurza, ta durƙusa tana murza audugar, ƙwayar na fita gefe. Kwana uku tana yi, ko rabin buhu ba ta ci ba.

Ranar Laraba Kubura ta leƙo, ta riƙe ƙugu.

"Har yanzu kina nan? Na gaya ma kowa Juma'a za mu kai. Kwaso ta haka nan!"

"Hajiya," in ji Rumaisa, idonta a ƙasa, "akwai angurya ciki. Ko mai lafiya ya kwanta sai ya ji ta, balle Malama da ba ta iya juyawa."

"Ji min yarinya! Auduga ce fa, ba ƙaya ba. In anka danne ta da ɗinki kwantawa za ta yi. Ko a Diggi anka koya miki keke?"

Rumaisa ta dubi Binta, ta dubi Hauwa. Ɗaya ta shiga neman almakashin da ke hannunta, ɗaya ta kama gyaran ɗankwali. Wannan shirun nasu ya fi maganar Kubura ƙona mata rai.

Aka cusa audugar yadda take. Allurar keke biyu ta karye a kan angurya, Kubura ta ce allurar yanzu ce ba ta da ƙarko.

Juma'a suka shiga mota sai Gwandu. Gaskiya shimfiɗar ta yi kyau a ido, ja da kore da ruwan ƙwai. Kubura ta baza ta da kanta, ta sa aka ɗauki hoto har sau biyar, tana faɗin yadda bayanta ya ƙage a kan keke. Aka ɗaga Malama aka kwantar. Ta yi ta sa albarka. Rumaisa kaɗai ta lura da hannun Malama mai lafiya, yadda ya damƙe bakin gado har jijiyoyi suka fito. Ta buɗe baki, ta sake rufewa. Har suka dawo Kalgo tana jin haushin Kubura, tana jin haushin kanta.

Bayan mako guda suka koma dubiya. Sai suka tarar Malama na kwance kan tsofaffin zannuwa, shimfiɗar kuma an ninke ta a ƙasa.

"Kubura, ɗiyata, zauna nan bisa aikinki," in ji Malama, maganarta na fita a hankali. "Ku biya min karatunku in ji, na yi kewarsa."

Kubura ta zauna tana murmushi. Binta ta fara. Kafin ta kai rabi Kubura ta karkata hagu. Hauwa ta karɓa, Kubura ta karkata dama, ta tura hannu ƙarƙashinta, gumi ya tsattsafo mata a hanci. Ana zuwa kan Rumaisa, Kubura ta miƙe zumbur.

"Malama, ƙafata ce ta yi tsami."

Malama ta dube ta, ta ce:

"Ke kina da ƙafa, kin tashi. Ni kwana ukku na yi bisanta, in ba Hadijatu ta shigo ba, babu mai juya ni."

Hadijatu ta ɗauki buta ta fita.

Da suka iso Kalgo, Kubura ce ta rungumo shimfiɗar har ƙofar Rumaisa. Ta ajiye, ta kasa ɗaga kai.

"Ƙanwata, ki nuna muna yadda ake yi."

Da safe, kafin su zo, Rumaisa ta warware ninkin don ta fara farke ɗinki. A tsakiya, daidai inda bayan Malama ya kwanta, ta ga tabon jini, faɗinsa ya kai tafin hannu. An wanke, bai fita ba. Ashe har fatar ta fashe, Malama ta sa aka ninke wajen ciki! Ta yanke ƙyallen, ta tura shi ƙasan akwati. Ta ƙudura a ranta ranar da aka gama za ta shimfiɗa shi gaban matan unguwa, kowa ya ga abin da gaggawar hoto ta jawo.

Kwana tara suka yi. Rumaisa ta ba Kubura ƙarfen gurza, Kubura ta yi ta gurza har tafinta ya yi bororo. Binta da Hauwa suka koyi shiɓa, audugar ta tashi kamar kumfa. Ɗinkin ma da hannu suka bi shi, kowane layi sai Rumaisa ta shafa shi da kumatunta kafin a wuce.

Mijin Rumaisa, Sahabi, ya kai shimfiɗar Gwandu. Kwana biyu bayan nan Hadijatu ta kira waya, tana dariya tana kuka.

"Rumaisa, Inna ta yi kwana tun azahar har la'asar, ko sau ɗaya ba ta kira ni ba! Bayan ma ya fara bushewa."

Rumaisa ta ciro ƙyallen ta tsaya da shi a bakin murhu. Har lokacin ranta bai gama hucewa ba. Amma mai bayan da kanta ta zaɓi ta rufe, to ita wace ce da za ta buɗe? Ta jefa shi wuta, ta tsaya har ya cinye. Ta yanke cewa babu wanda zai ji daga bakinta, ko Sahabi.

Darasi: Alherin da aka yi don a gani yana iya cutar da wanda aka yi dominsa. Ku saurari mai ƙaramar murya in ya san aiki, kuma in kun ga ana kuskure kada kunya ta rufe muku baki. Wanda ya gane laifinsa ya gyara, a rufa masa asiri. Ku tura wa 'yan uwa da ƙawaye, musamman masu jinya a gida.