Janar Marar Kai na Furnata

A zamanin da Turkawa ke mulkin ƙasar Girka, an yi wani maharbi a duwatsun arewa mai suna Zisis. Da farautar awakin dutse ya fara, daga baya ya juya bindigarsa kan sojojin mamaya. An ce yakan ji warin albarushi daga tafiyar yini guda. Kirarinsa shi ne: gaggafar dutse, mai ci a tsaye, mai kwana da takalmi.

Mayaƙan dutse suna da wata al'ada mai nauyi. Idan ɗayansu ya faɗi, amininsa kan yanke kansa ya tafi da shi, don kada abokan gaba su kafe shi a ƙofar gari. Zisis ya yi wa amininsa Lefteris wannan alkawari a ƙauyen Furnata, a gaban mahaifiyar Lefteris.

Ranar da aka rutsa da su, harsashi ya sami Lefteris a ƙirji. Zisis ya zare wuƙa, ya durƙusa, sai ya ji sukuwar dawakai. Ba na jin daɗin faɗar wannan, amma gudu ya yi. Kwana tara kan Lefteris ya yi a kafe a ƙofar Furnata, uwarsa tana bi ta ƙarƙashinsa in za ta ɗebo ruwa.

Aka sami 'yanci. Zisis ya zama janar, ya zauna a majalisa, da hannunsa aka rubuta dokokin ƙasa. Shekara talatin bai taka Furnata ba, sai da mutanen garin suka sassaƙa mutum-mutuminsa da dutse, suka gayyace shi.

Ana tsakiyar jawabi, mahaifiyar Lefteris ta matso da sanda. Ta tsufa, ta makance.

"Ɗana," ta ce, "na san mummunan rauni suka yi maka ranar nan, shi ya hana ka ɗauko kan Lefteris. Haka nake gaya wa kowa. Kawo in taɓa tabon."

Janar ya tsaya, lambobin yabo cike da ƙirjinsa, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Inna," ya ce, "babu tabo."

Ta janye hannunta a hankali, ta juya gida.

Kafin taro ya watse, Zisis ya karɓi gudumar masassaƙi, ya fasa kan mutum-mutumin da hannunsa. Har yau mutum-mutumin yana tsaye a dandalin Furnata haka nan. Sau biyu gwamnati ta aiko da sabon kai, mutanen garin suka mayar mata da shi.